Daƙiƙa ko Minti? Sharhi a kan Fassarar Awon Wuri a Ƙasar Gumel

Duk wani wuri a doron ƙasa ana iya tantance shi da lambobi biyu, wato na layin kwance da na layin tsaye. Hanyoyin rubuta su biyu ne suka fi yaɗuwa. Ta farko, wadda ke kan tsofaffin taswirorin safiyo, tana kasa digiri gida 60, kowane gida kuma a sake kasa shi 60. Ta biyu, wadda wayoyin hannu suka bazu da ita, tana kawo digiri da ɗigo. Wannan sharhi ya dubi yadda wasu masu fassara ke cakuɗa hanyoyin biyu a Hausa.

Alal misali, birnin Gumel yana wajen digiri 12 da minti 38 arewa da layin da ya raba duniya biyu. In za a mayar da wannan zuwa tsarin ɗigo, sai a raba 38 da 60, a sami 12.63. Amma mai gaggawa yakan rubuta 12.38, alhali minti ɗaya na layin kwance ya kai kilomita 1.85. Da wannan ɗan kuskure ya ture Gumel kudu da kilomita 28, wato fiye da tazarar da ke tsakaninta da Maigatari.

Babban aibin yana ga kalmar "daƙiƙa". A Larabci, inda Hausa ta aro ta, tana nufin minti, kuma haka malaman hisabi suka san ta, tare da daraja da saniya. A bakin 'yan boko da gidajen rediyo kuwa ta koma sakan. Saboda haka "digiri 12 da daƙiƙa 38" wurare biyu ne: malamin zaure yana Gumel, ɗan boko yana can kilomita 70 kudu da ita. Mai fassarar da ya zaɓi kalmar don gudun aron Turanci ya tsarkake harshe, amma ya ɓatar da mai karatu.

Al'amarin ya wuce gardamar masana. Maigatari tana bakin iyakar Nijeriya da Nijar, iyakar da Ingila da Faransa suka shata bisa yarjejeniyar 1906. A Gagarawa da Sule Tankarkar kuwa, takardar gona ko burtali mai ɗauke da lambar da aka juya ba daidai ba tana iya haddasa shari'ar shekaru.

Shawara a nan ita ce a tsaya ga digiri da minti da sakan, tun da ba mai ruɗewa da su, a bar daƙiƙa ga littattafan hisabi. A tsarin ɗigo kuma a riƙa furta "ɗigo" ɓaro-ɓaro, a kira lambobin bayansa ɗai-ɗai, wato "sha biyu ɗigo shida uku".