Ƙarafan Wuyan Jita: A Goge ko a Sake?

A ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji, kayan kiɗa mai tsirkiya ba baƙo ba ne. Garaya da gurmi da molo da goge sun daɗe a hannun makaɗan Katsina da Gobir, kuma bisa al'ada makaɗin shi ke gyaran kayansa. Fata ta yage, ya jiƙa wata ya ɗaura. Murya ta sauka, ya ja zoben fatar da ke riƙe da tsirkiya a jikin sanda. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke da ƙarfe gitte a wuyansa, yatsa da kunne ne ke nemo murya. Jita, wadda ta shigo ta hannun ƴan kiɗan zamani da gidajen matasa da majami'u, ta zo da wani tsari dabam: ƙananan ƙarafa wajen 20 zuwa 24 da aka dasa a wuyanta bisa lissafi, na 12 yana daidai tsakiyar tsawon tsirkiya. A jita ƙarfe ne ke yanke murya, aikin yatsa dannawa ne kawai. Saboda haka gyaran ido da kunne da ya wadatar wa garaya ba ya wadatar wa jita. Wanda zai ɗauki magagari ya goge ƙarafan nan ya kamata ya fara aunawa, domin abin da magagari ya ci ba ya dawowa.

Yawancin ƙarafan ana yin su ne da gaurayen jan ƙarfe da nikel da zinki, wanda ya fi tsirkiyar waya taushi. Duk dannawa tana ɗan cin ƙarfen, har rami ya fito a ƙarƙashin tsirkiya, musamman a ƙarafa biyar na farko inda hannu ya fi zama. Ƙurar da ke maƙalewa tsakanin waya da ƙarfe tana ƙara saurin cin. Haka ma wayar birkin keke, wadda ake sawa in tsirkiya ta yi wuyar samu; da irinta makaɗin jita Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya haɗa jitarsa ta farko. Da rami ya yi zurfi, tsirkiya sai ta riƙa taɓa ƙarfen gaba tana zizar da ba a so.

Gogewa tana da sharaɗi mai tsauri da ba kowa ke lura da shi ba. Ba ramin kaɗai ake gogewa ba. Dole a sauke dukkan ƙarafan zuwa zurfin ramin da ya fi kowane zurfi, in ba haka ba wanda aka goge zai zauna ƙasa da maƙwabcinsa, zizar ta ƙaru. Sabon ƙarfe tsayinsa kusan milimita 1 ne zuwa 1.4. Idan ya sauko ƙasa da milimita 0.7 ko kusa da haka, yatsa yana danna katako kafin tsirkiya ta zauna sosai. Ke nan abin da ake da shi na gogewa bai wuce milimita 0.3 zuwa 0.7 ba, kamar hatsin rumbu da ba a ƙara zuba masa: ɗiba biyu, in an yi sa'a uku, ya ƙare. Ma'aunin kuwa yana aljihun mutane da yawa. Katin banki kaurinsa milimita 0.76 ne. A shimfiɗa shi a kan katako, a jingina shi da ƙarfen da ya fi cinyewa. In gindin ramin ya ɗara saman katin, akwai abin gogewa. In ya yi daidai da shi ko ya nutse, magagari ba shi da aiki a nan, ƙarfen ya kai a cire shi.

Kafin ma a kai ga wannan, akwai kuskuren da yanayin jihar Maraɗi ke jawowa. Masu ƙera jita suna aikinsu ne a ɗakin da danshin iskarsa ke wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Daga hunturu zuwa bazara danshi a nan yana faɗuwa ƙasa da kashi 20. Katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, sai bakunan ƙarafa su fito gefe suna yankan hannu, wani ƙarfen ya ɗago daga raminsa, wuyan ma ya ɗan lanƙwashe. Jitar za ta yi ziza, mai ita ya ɗauka cinyewa ce. Wanda ya goge ta a watan Fabrairu, in damina ta sauka katako ya kumbura, zai tarar ya sauke ƙarafan da ba su da laifi. Ƙarfen da ya ɗago, a ɗiga masa gam a danne shi. Wuyan da ya lanƙwashe, a juya sandar ƙarfen da ke cikinsa kaɗan-kaɗan. Sai bayan haka a ɗora guntun ƙarfe miƙaƙƙe a kan ƙarafa uku-uku. Inda ya yi rawa, na tsakiya ne ya yi tsawo.

Za a ce sakewa maganar masu hali ce. Jitocin da ke yawo a kasuwanninmu yawanci masu araha ne, ko tsofaffi da aka sauke daga Turai, wayar ƙarafan kuma sai an aika nesa, kuɗin aikin na iya kusantar kuɗin wata jitar. Wannan gaskiya ne, amma ya fi shafar sake ƙarafan duka. Tunda cinyewar ta taru a biyar ko bakwai na farko, su za a cire, a sa sababbi, a sauke su daidai da sauran. Ƙarafan can ƙasan wuya, waɗanda hannu ba ya yawan zuwa, suna nan da tsayinsu, kuma ɓarna ce a goge goma sha biyar masu lafiya saboda biyar da suka lalace. Gogewar da ake ganin ta fi araha ita ce ke kai jita ga sakewar gaba ɗaya da wuri.

Za a kuma ce kiɗan jitar Sahel bai taɓa jiran kayan aiki masu kyau ba, Abdallah Oumbadougou da Bombino sun yi suna da abin da hannu ya samu, ƙaurin sauti ma yana cikin daɗinsa. Amma ƙaurin lasifika dabam, murya da ta kauce dabam. Salon nan ya dogara da bugun yatsa a kan tsirkiya da fizge shi da sauri, abin da ke son ƙarfe mai tsayi. Ga kuma rabin aikin da ake yawan tsallakewa: bayan gogewa saman ƙarfe yana zama shimfiɗaɗɗe, sai an sake zagaye shi ta gefe da gefe har a bar siririn layi a tsakiya. In ba a yi ba, tsirkiya tana barin ƙarfen daga bakinsa maimakon tsakiyarsa, muryar ta ɗan goce. Mai kiɗa shi kaɗai zai iya jurewa, amma in ya haɗu da fiyano a majami'a ko da jita ta biyu a wurin biki, kowa zai ji.

Wanda ya fi cancanta da wannan aiki a garuruwanmu ba mai walda ba ne, ba kafinta ba ne. Maƙerin farfaru ne, mai ƙera zobe da awarwaro, domin shi ya saba da ƙarfe mai taushi da ƙaramin magagari da awon da bai kai milimita ba. Abin da zai ƙara koya shi ne halin katako: ya ɗumama ƙarfen da abin narka dalma kafin ya zare shi, ya zare a hankali daga gefe guda don kada busasshen katako ya ɓantare, ya share ramin, ya tabbatar ƙafar sabon ƙarfen ta yi daidai da faɗinsa. Cibiyar koyar da kiɗa ta El Hadj Taya da ke Yamai ita ce inda ya dace a haɗa irin waɗannan maƙera da makaɗa a koya musu tare, su koma Tsibiri da Agye da Gazawa da sana'ar.