Jigon Ji-ta-ji-ta a Cikin Fim ɗin "Easy A"

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda aka sarrafa jigon ji-ta-ji-ta a cikin wani fim na ban dariya na Amurka mai suna "Easy A", wanda ya fito a shekarar 2010. Bert V. Royal ne ya rubuta labarin, Will Gluck ya shirya, Emma Stone kuma ta fito a matsayin tauraruwa. An kashe masa kimanin dala miliyan 8, ya samo wajen dala miliyan 75, masu sharhi kuma sun yaba masa ƙwarai. Mu ma mun yaba, amma da sauran magana.

Labarin a taƙaice shi ne, Olive ɗaliba ce a wata makarantar sakandare a garin Ojai na Jihar Kalifoniya, yarinya mai kaifin basira wadda ba wanda ya damu da ita. Don gudun wata tafiya da ba ta so, sai ta yi wa ƙawarta Rhiannon ƙarya cewa tana da alkawari da wani saurayi ɗan jami'a. Da ƙawar ta matsa mata da tambaya, sai ta ƙara da cewa har sun kwana tare. Ashe wata ɗaliba mai suna Marianne tana cikin makewayin tana saurare. Kafin a tashi daga makaranta magana ta game ko'ina.

A nan ne, a ganinmu, fim ɗin ya fi yin armashi. Mai shiri bai tsaya faɗa mana cewa magana zarar bunu ce ba, nuna mana ya yi. Kyamara ta riƙa gudu a farfajiyar makaranta daga wannan gungu zuwa wancan, kowa da wayarsa a hannu. Abin lura kuma shi ne, marubucin ya gane cewa ji-ta-ji-ta haja ce, ana saye ana sayarwa. Brandon, yaron da ake tsangwama saboda shi mai neman maza ne, ya roƙi Olive su yi kamar sun kwana tare a wurin wata liyafa, don a sarara masa. Da abin ya ci, sai sauran yaran da ba su da farin jini suka yi layi, suna biyanta da katin sayayya na kantuna don ta amsa laifin da ba a yi ba. Watau ƙarya guda ce, amma tana ɗaga namiji tana kā da mace: shi ya zama gwarzo, ita ta zama abin nuni da baki. Wannan kuwa gaskiya ce mai ɗaci, kuma an faɗe ta cikin raha ba tare da wa'azi ba.

Sai dai kuma fim ɗin ya jingina kansa da littafin Nathaniel Hawthorne mai suna "The Scarlet Letter" na 1850, wanda ake karantawa a ajin su Olive, har ita ma ta ɗinka jan harafin A a rigunanta don ta tsokani masu zaginta. Tun da shi ya kawo gwadin, wajibi ne mu auna shi da shi. Hester Prynne ta cikin littafin, a Boston ta ƙarni na 17, lalle ta aikata abin da ake tuhumarta da shi, ga 'ya a hannu shaida. Ta sha kunya a bainar jama'a, ta kuma ƙi faɗin sunan uban yarinyar, wanda shi ne limamin majami'ar garin. Hawthorne ya sa mai karatu ya tausaya wa mai laifi, ya kuma tuhumi masu hukunci. Olive kuwa ba ta yi kome ba, tun daga farko kuma ita da kanta take sanar da mu haka, domin da bakinta ake ba da labarin. Ke nan tausayinmu gare ta bai ci mana kome ba. Tambayar da fim ɗin ya kauce wa ita ce: in da a ce ta yi, shin ya halatta a yi mata wannan terere? Olive ta taɓa batun a jawabinta na ƙarshe, inda ta nuna cewa al'amarinta bai shafi kowa ba, amma jimla ɗaya ba ta isa ta ɗauki nauyin da aka ƙi ɗora wa zubin labarin ba.

Wuri ɗaya ne labarin ya kusanci nauyin littafin, watau inda Mrs. Griffith, malamar da ke ba ɗalibai shawara, ta yi lalata da wani ɗalibi ta sa masa ciwon sanyi, Olive kuma ta karɓi laifin don kada auren malaminta ya mutu. Da ta nemi malamar ta wanke ta, sai ta ƙi, tana mai dogaro da cewa ba wanda zai gaskata yarinyar da sunanta ya riga ya ɓaci. Nan dariya ta ɗauke, mai kallo ya ga yadda babba ke fakewa da ɓacin sunan yaro.

Marianne da 'yan ƙungiyarta masu nuna tsananin addini ba a ba su zurfi ba, dodanni ne kawai na wasa. Iyayen Olive kuma, waɗanda Stanley Tucci da Patricia Clarkson suka fito a matsayinsu, sun cika fahimta har ba su taɓa shakkarta ba, wanda hakan ya rage mata haɗari sosai.

Warwarar rikicin ma ta zo da sauƙin da bai dace da abin da ya gabata ba. Olive ta yi jawabi ta intanet, ta fayyace gaskiya, saurayinta Todd ya zo ya ɗauke ta a kan injin yankan ciyawa, irin ƙarshen finafinan matasa na shekarun 1980 da ita kanta take sha'awa. Amma ɗaliban da suka taru don jin jawabin sun taru ne saboda ta yaudare su cewa abin batsa za su gani, su ne kuma mutanen da fim ɗin ya shafe sa'a ɗaya da rabi yana nuna mana cewa ƙarya ta fi gaskiya shiga kunnensu.