Rani ba mataccen lokaci ba ne: sharhi a kan « saison morte » da « exode » cikin rubuce-rubuce game da Adar

0. Gabatarwa

Duk wanda ya saba karanta rahotannin raya karkara da kundayen ɗalibanmu game da ƙasar Adar, wato daga Tamaske da Keita zuwa Buza da Madawa, zai yi ta cin karo da kalmomi uku na Faransanci: « saison morte », « exode » da « contre-saison ». An saba da su har ba a tambayar abin da suke ɗauke da shi. Mu kanmu, da muka yi karatunmu da Faransanci, mun sha rubuta su ba tare da mun dakata ba. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce mu auna su da ma'aunin Hausa, mu nuna cewa sun sa mutuwa inda Bahaushe bai sa ta ba, kuma sun kasa ganinta inda ya sa ta.

1. Yadda Hausa ke riƙe da lokaci

Bari mu fara da waɗannan jimloli:

(1) a. Na kwana Tamaske.
b. Ta wuni kasuwa.
c. Sun shekara Kano.

Domin fassara su, tilas Faransanci ya nemo aikatau « passer » ya haɗa shi da suna: « la nuit », « la journée », « l'année ». A Hausa kuwa, kwana da wuni da shekara kowannensu suna ne kuma aikatau ne. Abin da ya raba su shi ne tsawon wasalin ƙarshe, wanda rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa. Wato ke nan ma'aunin lokaci da aikin rayuwa cikinsa tushensu guda. Shi ya sa gaisuwa take tambaya a kan yadda mutum ya ƙetare lokacin: ina kwana, ina wuni.

Haka nan shekara ta kasu damina, kaka, ɗari da bazara, kuma a ma'anarsa mai faɗi rani ya haɗe duk abin da ke tsakanin ƙarshen girbi da ruwan shuka. A Adar damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka wanda ya kira sauran shekara « morte » ya kashe wata takwas cikin goma sha biyu, wato kashi biyu cikin uku na rayuwar manomi.

2. Rani abin ci ne

(2) a. Ya tafi cin rani.
b. Ya tafi biɗa.
c. Suna noman rani.

Tun 1966 Claude Gouffé ya yi nazarin « ci » da « sha » a Hausa. Idan muka duba ci kasuwa, ci riba, ci sarauta, ci gari da yaƙi, za mu ga mai aikin shi ke da iko bisa abin da ya ci. A (2a) rani ne karɓau. Saurayin da ya bar Tamaske bayan an ɗaure dammunan hatsi ya rage baki ɗaya daga rumbun gida, ya ci abincinsa a wani wuri, kuma yana sa ran komowa da kuɗin sutura da na aure kafin shuka. A (2b) an ma fi bayyana niyyar: biɗa nema ce.

Kalmar « exode » ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Asalinta fitar Bani Isra'ila daga Masar, kuma « exode rural » na Faransa ƙaura ce ta waɗanda suka bar ƙauye ba su koma ba. Ginshiƙin cin rani kuwa komowa ne. Gaskiya ne wasu kan zarce, su yi shekaru a Abijan ko Libiya; amma a nan ma harshe bai ruɗe ba, sai a ce wane ya shekara, ko ya daɗe, ba a ƙara kiran tafiyarsa cin rani. Faransancin rahotanni ya zuba su duka cikin buhu guda, ya kira su « exodants ».

Ita kuma « contre-saison », wadda ta yaɗu bayan farin 1984 a zamanin Seyni Kunce, tana nuna cewa lokacin noma na gaskiya ɗaya ne, sauran saɓa masa ake yi. Mai ban ruwan albasa a fadamar Tamaske ba ya saɓa wa kome: noman rani yake yi, kamar yadda ya yi noman damina.

Kada a ɗauka wannan gardamar masu nahawu ce kurum. A 1984 aka soma furojen Keita, da kuɗin Italiya da jagorancin FAO, ana biyan ma'aikata da abincin hukumar PAM. An gina madatsun ruwa, an haƙa ramukan tare ruwa bisa duwatsu, an dasa itatuwa, kuma ba mu musun amfanin wannan aiki. Amma littafin Benedetta Rossi, From Slavery to Aid (2015), ya nuna cewa akasarin masu ɗaukar duwatsun mata ne, domin mazan da ke da halin tafiya sun tafi, kuma talauci ne ya kai da yawa daga cikinsu wurin aikin. Abin da mu za mu ƙara, ta fuskar harshe, shi ne: muddin an yarda cewa rani matacce ne, to lokacin mace a cikinsa ba shi da farashi, duk abin da aka ba ta kyauta ce. Alhali kuwa raninta cike yake da ɗiban ruwa, da neman itace, da daka, da ƴar sana'a, da riƙon gidan da mai shi ba ya nan.

3. Inda mutuwa take

To, ina Hausa ta ajiye mutuwa? Ba cikin wani yanki na shekara ba:

(3) a. Kwanansa ya ƙare.
b. Yana da sauran kwana.
c. Ya cika.
d. Ya rasu.

A (3a) da (3b) mun koma ga kalmar da muka fara da ita. Rai adadin kwanaki ne da aka ƙayyade wa mutum, wanda ya tsira daga haɗari sauransa ne bai ƙare ba. (3c) ta fi ban sha'awa, domin aikatau ɗin da ake yi wa tulu da mudu shi ake yi wa mai rai: mutuwa cikar awo ce. (3d) kuwa, rukuni na 7 ne na « rasa » a tsarin Parsons, tana kallon al'amarin daga wajen waɗanda aka bari. Abin da ke biyo baya ma da kwana ake lissafa shi: sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, sai takaba wata huɗu da kwana goma, kusan tsawon damina guda. Abin lura shi ne mutum ke ƙarewa, lokaci ba ya mutuwa.

Rayuwar yau da kullum ta gaskata harshe. Sanƙarau da bazara yake zuwa, amma yunwa da masassara sun fi tsanani da marka, sa'ad da gonaki suka yi kore, rumbu ya yi ƙasa. Lokacin da rahotanni ke ɗauka rayayye shi ne iyaye mata suka fi jin tsoro saboda ƴaƴansu.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin sunayen yunwa. Boureima Alpha Gado, a littafinsa Une histoire des famines au Sahel (1993), ya ɗauki irin waɗannan sunaye da muhimmanci a matsayin madogarar tarihi. Ta 1913 zuwa 1914 Hausawa sun kira ta Kakalaba. Ta 1984 zuwa 1985 kuwa, a ƙasar Hausa ta Nijar, an sa mata El Buhari, wato ƴar Buhari, domin a watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, a 1985 aka kori baƙi, ba a buɗe ba sai 1986. Fari ne ya hana hatsi, amma jama'a ba su raɗa wa yunwar sunan fari ba, sai sunan wanda ya toshe hanya. Wannan suna shi kaɗai nazari ne cikakke: rashin damina ana iya jure masa muddin ana iya cin rani. Abin da rahotanni suka kira « exode », suka ɗauke shi ciwon da za a magance, shi ne maganin da talaka ya rasa a wannan shekara.

4. Kammalawa

Ba muna cewa harshe ne ke tsara wa mutum tunaninsa ba, kuma ba mu ƙawata cin rani: akwai wulaƙanci a cikinsa, akwai waɗanda labarin rasuwarsu kaɗai ke komowa gida. Abin da muke cewa shi ne fassara zaɓi ce, kuma wannan zaɓi ya shafi ladan aikin mutane. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su bar rani, cin rani da biɗa yadda suke cikin kundayensu na Faransanci, su yi musu bayani, kamar yadda ake yi wa bori ko sarauta.

Akwai kuma aikin gaggawa. Nicole Echard da Djibo Hamani sun buga tarihin Adar a 1975, Bernard Caron ya bayyana karin harshenta a 1991, amma sunayen shekaru da kowane gari ke lissafi da su suna cikin kan tsofaffi. Azumin 1984 ya faɗo cikin watan Yuni, bai sake zagayowa wurin ba sai wajen 2016 da 2017, kuma da yawa cikin magidantan da suka yi na farkon ba su ga na biyun ba. Mu ma da hutun jami'a kaɗai muke zuwa Adar, muna cewa sai baɗi. Mutanen Tamaske ba su faɗin haka sai sun ƙara da: in Allah ya kai mu.