Gidan Mary Arden a Wilmcote: suna da abin da suna ke nuni gare shi

A ƙauyen Wilmcote, tazarar kamar kilomita 5 daga Stratford-upon-Avon cikin yankin Warwickshire na Ingila, akwai gidajen gona biyu maƙwabta, dukkansu suna cikin aji na farko na jerin gine-ginen da doka ta hana a rushe ko a canza ba da izini ba. Abin da ya jawo hankalinmu gare su shi ne suna guda da suka yi karɓa-karɓa da shi, watau "gidan Mary Arden", mahaifiyar William Shakespeare.

Gida na farko shi ne wanda ido ke so. Ƙasansa dutse ne, samansa ginshiƙan itace ne jere kusa da juna, an cike tsakaninsu da saƙar ƙirare da yaɓe, ga kuma ɗakin tattabaru na dutse a farfajiya. A ƙarshen ƙarni na 18 wani maƙerin ƙafafun amalanke mai sha'awar tarihi, John Jordan, ya nuna shi ya ce nan ne Mary ta girma. Maganar ta zauna. A 1930 ƙungiyar da ke kula da gidan haihuwar Shakespeare ta saye shi, ta zuba masa kayan ɗaki irin na ƙarni na 16, kuma shekara 70 baƙi na shiga suna fita da yaƙinin sun taka inda uwar marubucin ta taka.

A 2000 Nat Alcock ya bi takardun mallakar filayen ƙauyen, ya nuna cewa gidan na Adam Palmer ne, maƙwabcin Robert Arden kuma abokinsa. Ƙidayar zoben itace ta goyi bayansa. Kowace shekara itace na ƙara zobe ɗaya, mai faɗi ko siriri gwargwadon yanayi, don haka in an gwada jerin zoben ginshiƙi da jerin da aka riga aka sani, sai a gane lokacin da aka sare shi. Itatuwan wannan gida na wajen 1570 ne, alhali Robert ya rasu a 1556, Mary kuwa ta yi aure ta tafi tun wajen 1557. Gidan Arden na ainihi shi ne ƙaramin da ke gefe, Glebe Farm, wanda itatuwansa suka nuna wajen 1514, amma aka lulluɓe yawancinsu da jan bulo a ƙarni na 19. Ƙungiyar ta saye shi a 1968 ba tare da ta san abin da ta saya ba.

A ganinmu kuskuren ba na Jordan ba ne shi kaɗai. Ya daɗe ne saboda ginin ya dace da surar da mai kallo ya zo da ita cikin kansa: baƙin itace, farin yaɓe, girma. Kuma girman na da aikin da yake yi. A 1596, cikin takardun neman tambarin dangi, an gabatar da John Shakespeare a matsayin wanda ya auri ɗiyar Robert Arden, mutum mai asali. Babban gida yana ƙarfafa wannan da'awa. Ƙaramin kuwa ya fi dacewa da lissafin kayan da Robert ya bari: shanun noma 8, da ƙyallayen bango masu zane 11, irin waɗanda manomi mai rufin asiri ke ratayawa inda mai sarauta zai rataya saƙaƙƙiyar darduma. Mai wadata ne, amma manomi.

Mai nazarin harshe ba zai wuce sunan kansa ba tare da tsayawa ba. Alamar mallaka ta Ingilishi, kamar mahaɗin -n na Hausa cikin "gidan wance", ba ta bambanta gidan da ta mallaka da wanda aka haife ta ciki da wanda kawai aka laƙaba mata. Mary ita ce auta cikin ƴaƴa mata 8, kuma abin da wasiyyar ubanta ta ba ta shi ne wata gona mai suna Asbies da ƴan kuɗi. Ko bayan gyaran 2000, ke nan, sunan na faɗin fiye da abin da takardu suka faɗa: gidan uban Mary ne.

Gyaran kuma ya yi asara biyu da ba a cika ambata ba. Gidan Palmer, wanda ko ƙusa ɗaya ba ta canza a jikinsa ba, ya koma cikin bakin mutane "wanda ba shi ba", ko da yake ta fuskar gini ya fi maƙwabcinsa cika. Sunan Glebe kuwa, wanda a Ingilishi ke nufin filin da aka keɓe don ciyar da limamin coci, sabon laƙabin ya danne shi, tare da ƙarni huɗu na manoman da suka zauna ciki bayan Arden. Jan bulon da ake kallo kamar aibi aikinsu ne, kuma a ƙarƙashinsa ne ginshiƙan 1514 suka kai 1968 a tsaye.