Daftarin Zane: Daga Bangon Pisa Zuwa Masallacin Yama

A ƙasar Italiya, masu ƙawata majami'u a da, kafin su ɗora fenti a bango, su kan fara fitar da siffar abin da suke nufi da jar ƙasa a kan yaɓen farko, sa'an nan su rufe shi da yaɓe na biyu. Wannan daftari ya kan ɓace da zarar aiki ya kammala. A shekarar 1944, wutar yaƙi ta cinye rufin maƙabartar da ke daura da babbar majami'ar birnin Pisa. Da aka ɓanɓare zanen bangon domin ceto shi, sai ga daftarin ya bayyana a ƙarƙashi, har aka buɗe masa gidan tarihi. Masana suka ga inda mai zane ya yi shakka, da inda ya sake shawara, wato suka ga tunaninsa yana tafiya.

Saboda irin wannan gado ne wasu manazarta ke ɗauka cewa aikin da ba shi da daftari ba shi da tsari. Masallacin Juma'a na Yama, a jihar Tawa, ya ƙaryata wannan zato. Alhaji Falke Barmu ya gina shi da laka a 1962, ya sake masa rufi da baka da tulluwa a 1975, sa'an nan daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiya huɗu, kowace da irin surarta. A 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. Wanda ya dubi hasumiyoyin nan da idon basira zai gane cewa kowace gwaji ce da ta gyara ƴar'uwarta. Maginin Hausa yana shata gini a ƙasa, yana zana adonsa da yatsa a kan ɗanyen yaɓe; ginin kansa shi ne daftarinsa.

To amma a nan ne hatsarin yake. Jar ƙasar Pisa ta kwana ɗaruruwan shekaru a ɓoye ba ta gushe ba, shi kuwa adon laka damina ce ke cinsa, kuma duk sabon yaɓe yana binne na jiya. In magini ya kwanta dama ba tare da almajiri ba, to tsarin ya bi shi kabari.

Don haka akwai aiki a gaban malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Garhanga, Madawa, Buza da Keita. Ya kamata ɗalibai su zauna gaban tsofaffin masallatai da zauruka su kwafi adonsu a takarda, su rubuta sunan magini da shekarar gini, su tambayi dattawan magina sunan kowane zane. Littafin rubutu da fensir sun isa a fara, tun kafin siminti ya rufe sauran.