Henryk Tomaszewski da Hoton da Ba Ya Surutu

A ƙasar Polan akwai wata sana'a da ta yi suna bayan Yaƙin Duniya na Biyu, watau zanen fosta, takardar nan da ake mannawa a bango domin a sanar da silima ko wasan kwaikwayo. Babban malamin wannan sana'a shi ne Henryk Tomaszewski, wanda aka haifa a birnin Warso a 1914, ya kuma rasu a can a 2005.

Sa'ad da yaƙi ya ƙare, Warso kufai ce. Hukumar silima ta gwamnati ta nemi masu zane, Tomaszewski kuwa yana cikin na farko da suka karɓi aikin, shi da Eryk Lipiński da Tadeusz Trepkowski. Amma sun ƙi bin hanyar Amurka, inda akan cika takarda da fuskokin 'yan wasa. A 1948 ya ci lambobi biyar a wani nunin fostar silima a birnin Biyana. Daga 1952 har 1985 yana koyarwa a babbar makarantar zane ta Warso.

To, mene ne ya bambanta shi? Ragewa. Shi mutum ne mai cire abu daga takarda har sai ɗan abin da ba makawa ya saura. A 1959 aka ba shi aikin sanar da nunin Henry Moore, mai sassaƙa na Ingila. Sai ya yanko haruffan sunan da farar takarda, ba a daidaita su ba, ya jera su bisa shuɗi. Duk wanda ya san aikin Moore, da duwatsunsa masu rami a tsakiya, yana ganin haruffan O ɗin nan biyu ya gane. Sunan da kansa ya zama sassaƙa.

Wadda ta fi wannan nauyi ita ce ta 1983. Tun Disamba 1981 gwamnatin kwaminis ta kafa dokar soja, ta hana ƙungiyar ma'aikata ta Solidarność, ta kulle shugabanninta. Mutane suka riƙa ɗaga yatsu biyu, alamar nasara, har a gaban Paparoma Yohanna Bulus na Biyu lokacin da ya ziyarci ƙasarsa a Yuni 1983. A shekarar nan Tomaszewski ya zana fostar wani wasa na Witold Gombrowicz mai suna Historia. Abin da ya zana ƙafa ce, ba takalmi, yatsunta biyu a buɗe. Saurayin da ke cikin wasan ba ya sa takalmi, saboda haka ƙafar tana da hujja in an tambaya. Amma wanda ke wucewa a titi ya san abin da yatsun suke faɗi. Ba kalmar tawaye ko ɗaya a takardar.

Mai karanta Linjila ba zai rasa gane wannan hanya ba. Haka misalan Yesu suke: ɗan labarin shuka ko na tunkiya, sauran aikin kuma a bar wa mai ji. Tomaszewski ya girmama mai kallo, bai ɗauke shi wawa ba. Ga shi kuwa yawancin sanarwar taron ikilisiya akan cika ta da fuskar mai wa'azi, da kurciya, da harshen wuta, da ayoyi uku, har ido ya rasa inda zai sauka.

Duk da haka akwai abin faɗi. Misali yakan buɗe wa wani, ya rufe wa wani. Baƙon da bai san Moore ba, haruffa karkatattu kawai zai gani. Zanen Tomaszewski na mutanen birni ne masu zuwa gidan wasa, ba lalle manomi ya amfana da shi ba. Akwai kuma maganar wanda ya biya kuɗin. Gwamnatin da ta matsa wa ikilisiya, ta tsare Kadinal Wyszyński daga 1953 zuwa 1956, ita ce take buga fostocin nan, tana kuma taƙama da su a ƙasashen waje. A ƙarƙashinta aka fara gasar fosta ta duniya a Warso a 1966, aka buɗe gidan ajiye fosta a Wilanów a 1968. 'Yancin da masu zane suka samu na gaske ne, amma 'yanci ne na cikin shinge, masu mulki ma sun ci ribarsa.

Gadonsa mafi girma almajiransa ne. Samari sun zo daga Faransa domin su zauna a ajinsa, cikinsu har da Pierre Bernard da Gérard Paris-Clavel, waɗanda suka koma gida suka kafa ƙungiyar Grapus a 1970 tare da François Miehe. Su tunanin suka ɗauka. Wasu masu kwaikwayo kuwa rubutun hannunsa mai kama da na yaro kaɗai suka ɗauka, suna tsammani karkatar layi ita ce gwaninta. Bayan 1989, da mulkin kwaminis ya faɗi, kamfanonin silima na waje suka shigo da nasu fostocin masu fuskokin 'yan wasa, irin waɗanda shi da abokansa suka ƙi tun farko, suka cika bangayen Warso da su.