Bayajiddan da ake zana mana ba na Daura ba ne

Samarin da ke yini a rumfunan cajin waya a Dogo-Dogo da Dungas sun san Hakilis da Akilis kamar 'yan unguwarsu. Fim ɗin Troy na 2004 da Hercules na 2014 suna ta yawo daga memori zuwa memori. Ba ni da ja da wannan. Labaran Girkawan dā suna da daɗi, kuma jikokinsu na yau, waɗanda galibinsu Kiristoci ne, ba su bauta wa Zus amma ba su yar da labarinsa ba.

Damuwata tana wani wuri. Yaranmu masu haɗa hotuna da gajerun bidiyo a waya sun fara waiwayar namu jaruman, kuma na yi murna. Sai dai ku dubi Bayajiddan da suke fito da shi: ƙato mai murɗaɗɗen jiki, ƙirji a buɗe, sulken tagulla, kwalkwali mai tukku. Macijin da ya kashe kuwa dodo ne mai aman wuta, ya fi ganuwar gari tsawo. A gwabza, a sare kai, shi ke nan. Hakilis ne aka shafa wa baƙin fenti.

Gaskiya akwai kama tsakanin labarinmu da nasu. Kadmus baƙo ne daga ƙasar Finikiya. Ya aiki mutanensa ɗibar ruwa a wani marmaro, macijin da ke tsaron wurin ya hallaka su, shi kuma ya kashe macijin ya kafa birnin Tibis. Amma me ya biyo baya? Ya shuka haƙoran macijin, mayaƙa suka tsiro daga ƙasa suka yi ta kashe juna har saura biyar. Nasu birnin daga jini ya soma.

Bayajidda kuwa gari ya tarar a Daura, da sarauniyarsa da dokarsa. Kafin ya zo, magajiyoyi sun daɗe suna mulki, tun daga Kufuru har zuwa Daurama. Cikin dare ya iso, da ƙishirwa, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce babu, ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki. A ganina nan ne zuciyar labarin take, kuma ita ce ake yankewa. Mu da muke ganin mata tun asuba a bakin rijiya cikin bazara, igiya ta ci tafin hannu, jarkoki jere ana jiran layi, guga na fitowa rabi ruwa rabi yashi, ai mun fi kowa sanin nauyin maganar tsohuwar nan. Gari guda, ruwa sau ɗaya a mako! Wane dodo mai aman wuta ya kai wannan ban tsoro?

Ko wuƙar da ya kashe macijin da ita ba daga sama ta faɗo ba. Fasiyus, da zai je sare kan Madusa, ababen bautarsu ne suka ara masa garkuwa da takalma masu fiffike. Namu jarumin wajen maƙeran Gaya ya tsaya, mutane masu zuga-zugi da uwar maƙera, suka ƙera masa. Ina son in ga maƙeran nan a bidiyo, da guminsu.

Daurama ce aka fi zalunta. Ana ajiye ta can gefe da kwalliya, kamar tukuicin da za a miƙa wa gwani. Alhali ita ce ta sa a bincika wanda ya yi kisan, da masu ƙaryar su ne suka yi yawa aka ce a kawo kan macijin, kuma ita ta yi tayin rabin gari. Aure ya nema a maimakon haka, da yardarta aka ɗaura, aka haifi Bawo wanda 'ya'yansa suka riƙe garuruwan Hausa.

An taɓa yin abin da nake nema. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarraounia a 1980 kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransawa a 1899, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Ba su ari sulken kowa ba. Daura kuwa ga ta nan tsallaken iyaka, Kusugu na nan har gobe ana jan ruwanta. Duk yaron da zai zana Bayajidda, ya fara zuwa ya leƙa rijiyar ya ga faɗin bakinta, sannan ya zauna da tsofaffin garin su ba shi labarin Ayana.